Tsakanin Ajiya da Tarkace

Ƙannena, maza da mata,

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Maigatari da yammacin Alhamis, lokacin da kasuwa ta fara watsewa, ya ga yadda kaya ke shiga gidajenmu. Motoci da babura da amalanke, wasu sun nufi Gumel, wasu Sule Tankarkar, wasu Gagarawa, wasu su tsallaka Nijar, kowanne an ɗaure masa robobi da katifa da kuloli da ƙunshin gwanjo. Ranar Lahadi a maimaita a Gujungu. Shigowar kaya tana da ranarta a kowane mako, fitarsu kuwa ba wanda ya sa mata rana. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, sai dai a tura shi ƙarƙashin gado a kawo wani. A kan wannan nake so mu yi magana, domin da yawanku kuna gab da kafa naku gidan, kuma halin da mutum ya shiga ɗakinsa na farko da shi yakan bi shi har furfura.

Kakanninmu ma ba sa zubar da abu, amma gidajensu ba su cushe ba, kuma akwai dalili. Kayansu masu mutuwa ne. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke ta, in ta sake fashewa ta zama sakaina, daga nan sai juji. Tukunya in ta fashe a ba kaji ruwa a cikin ɓarinta. Tabarmar kaba da faifai da igiya da zana, duk gara da damina suna gamawa da su, in bazara ta yi a kwashe jujin a kai gona ya zama taki. Gida yana rage kansa da kansa ba tare da kowa ya zauna ya yi shawara ba. Da layin dogo ya ratsa ta Gagarawa zuwa Nguru a wajajen 1930, jirgi ya riƙa fita da gyaɗa, kwano da yadi da langa-langa suka riƙa shigowa. Bayansu roba ta zo, leda ta biyo. Halin ajiya bai canza ba, kayan ne suka canza. Gara ba ta cin bokiti, damina ba ta ruɓar da silifas. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki, ko ku duba gonar da aka zuba wa takin gari, ku ga yadda leda ke kaɗawa a jikin kunya. Aikin da ƙasa take yi mana kyauta a dā, yanzu ya dawo wuyanmu, kuma ba wanda ya koya mana yadda ake yin sa.

Kada ku ɗauka raina masu ajiya nake yi. Dattijon da ya ga farin 1973, ya sake ganin na 1984, yana da hujjar ƙin jefar da ko da tsohon buhu. Ku ma kun ga naku rabon: an rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, a shekarar ne kuma takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, aka cire tallafin mai, farashin komai ya tashi. Wanda ya rayu a irin wannan ƙasa ya ce "bar shi, wata rana zai yi amfani", ba hauka yake yi ba. Rumbu ajiya ne. Irin shuka ajiya ne. Harawa da ƙaiƙayin da aka ɗora a kan rumfa don dabbobi ajiya ne, kuma wanda bai yi ba zai yi kuka a watan Mayu. Matsalar ita ce tsoron babu ba ya tantancewa. Shi ne ya ce ka adana gero, shi ne kuma ya ce ka adana fitilar da ta mutu shekara biyar, da takalmi wari ɗaya, da murfin tukunyar da ba a san inda tukunyar take ba. Hankali ne zai raba su, kuma raba su ɗin shi ne duk abin da nake nema daga gare ku.

Bari in fara da ɗakin amarya, domin a nan abin ya fi ƙamari, a nan kuma aka fi saurin yanke hukunci ba tare da an fahimta ba. Jere ba wauta ba ne. A zamanin da mace ba ta da asusun banki, ba ta da takardar fili, kwanukan da ke jikin bangon ɗakinta su ne taskarta. Nata ne, miji ba shi da iko da su. In aure ya mutu da su take fita, in ciwo ya kama yaro ta zare fanteka ɗaya ta ba dillaliya, in 'yarta ta isa aure ta rage mata. Wata masaniyar tarihi Ba'amurkiya, Barbara Cooper, wadda ta yi bincike a Maraɗi ta fitar da littafi kan auren mutanen can a 1997, ta nuna cewa kayan ɗaki shaida ne na yawan mutanen da ke tsaye bayan amarya, iyaye mata da ƙawayen uwa da abokan biki, kowacce da abin da ta kawo. Mai shiga ɗakin dangi yake gani a jikin bango.

To amma ku dubi abin da ake jerawa yau. Tasa da kwanon dā suna riƙe darajarsu shekara da shekaru. Kular roba da tangaran marar kauri da gado da sif na katakon nan da aka matse garin itace aka yi, tun ranar da aka sauke su daga mota darajarsu ke zubewa. Damina biyu danshi ya kumbura katakon, ƙofar sif ta saki. Ki kira dillaliya ki ji abin da za ta taya. An riƙe siffar al'adar, an saki amfaninta. Uba ya sayar da sa, wani ya jinginar da gona, uwa ta kwashi adashi tun kafin ta gama zubi, duk don a cika ɗaki mai faɗin ƙafa 12 da abin da ba zai sake sayuwa ba, har amarya ta rasa inda za ta shimfiɗa sallaya sai ta ja kujera. Idan taska ake nufi, tunkiya biyu a turke sun fi kula ashirin, keken ɗinki ya fi, ɗan kunnen zinari ya fi, shi kuwa ko wuri ba ya ci.

Malamai suna yawan tuna mana kayan ɗakin Nana Faɗima, Allah ya ƙara mata yarda, abin da bai wuce mayafi da matashin kai da salkar ruwa da dutsen niƙa ba. Mu ji a wa'azi mu yi kabbara, mu fito mu zarce wurin kafinta. Akwai kuma hadisi a Sahihu Muslim da ya lissafa shimfiɗun da gida ke bukata, ta miji da ta mata da ta baƙo, ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan. Malamai sun yi bayanin cewa ba ƙidayar ce abin nufi ba, abin nufi shi ne duk abin da ya wuce bukata aka ajiye shi don alfahari. Gidan da ke da yara takwas ba wanda zai ce shimfiɗa uku ta ishe shi.

Na sani, ƙanwata, ba ke ce mai yanke wannan ba. Mahaifiyarki ma ba son wahala take yi ba, bakin 'yan ganin ɗaki take tsoro. Amma kina da baki tun kafin a je kasuwa. Ki same ta ita kaɗai, cikin ladabi, ki roƙa a juya wani kaso na kuɗin zuwa abin da ke haihuwa ko abin sana'a. Kai kuma ango, aikinka ya fi nata sauƙi, kuma ya fi muhimmanci, domin mafi yawan gorin da ake tsoro daga gidanku yake fitowa. Ka ja kunnen yayyenka da ƙannenka mata tun da wuri cewa ba ka son jin an ƙirga wa matarka kwano. In surukai suka tabbata ba za a yi musu gori ba, rabin kayan nan ba za su saya ba.

Ku kuma samari kada ku yi dariya, na leƙa shagunanku. Wayoyi uku matattu, caja bakwai guda ce mai aiki, tayar babur, tsohon batir, takalman ƙwallo da suka rabu da tafinsu, kwalin da aka sayo rediyo a ciki, rediyon kuwa tuni ta bi wani. Tarkacen namiji ba a jera shi, tara shi ake yi a lungu, shi ya sa ba a yi masa suna ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ta wuce ta kyan gani. A ƙasarmu zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Ɗakin ƙasa ko na bulo mai taga ɗaya, in aka jingina sif a jikin tagar, aka tara akwatuna har rufi, an hana iska hanya. A farkon 2023 sanƙarau ya ɓarke, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mafi yawan waɗanda aka yi zargin sun kamu a duk Najeriya a Jigawa suke, Maigatari da Sule Tankarkar a kan gaba, daura da yankin Damagaram da cutar ta riga ta shiga. Ba tarkace ke haifar da sanƙarau ba, ƙwayar cuta ce mai bin numfashi, kuma allurar rigakafi ce garkuwa ta farko. Amma abubuwan da ke ba ta ƙarfi sanannu ne: zafi, ƙura, cunkoso, da kwana a ɗaki marar iska. Sau nawa kuka ga gida mai ɗaki uku, mutane goma suna kwana a biyu, na ukun kaya ne ke kwana a ciki?

Da damina kuma sai sauro. Yana son duhu da lungu, yana yini a bayan kayan da aka rataya a igiya da ƙarƙashin gadon da tsintsiya ba ta isa. An raba gidan sauro kyauta, amma a ɗakin da ba wurin ɗaura kusurwa huɗu sai a naɗe shi a ajiye, ko a kai shi lambu a yi shinge. Tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen bokiti a bayan ɗaki, kowanne yana riƙe ruwan sama, kuma irin sauron da ke ɗauke da cutar shawara a irin wannan ɗan ruwan yake ƙyanƙyasa. Kunama ba ta zama a fili, sai inda aka daɗe ba a ɗaga ba. Ɓera kuma in ya sami kwali da tsumma ya sami gida, kuma wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta hanyar fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Ko bangon kansa yana shan wahala. Abin da aka jingina masa shekara uku yana ɓoye danshi da hanyar gara, ba za a sani ba sai ruwan Agusta ya zo ya nuna.

Akwai kuma abin da ba tarkace kaɗai ba ne, guba ne, amma muna kwana da shi. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun wake ko hatsi don kashe ƙwari, iska mai guba take fitarwa, kuma ba ta san bambancin ƙwaro da jariri ba. Bai kamata buhun da aka sa wa ita ya kwana ɗaki ɗaya da mutum ba, ko da dare ɗaya. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masana na yankinmu, yana kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba magani ko kaɗan. Robar maganin feshi da ta ƙare ba a wanke ta a zuba mai ko ruwa, a huda ta kada wani ya ɗauka. Ragowar magungunan asibiti da suka cika leda, waɗanda ba a ma tuna ciwon da aka saye su dominsa, ba taimako ba ne ga maƙwabci, haɗari ne ga yaro mai rarrafe. Tsohon batirin mota ko na sola dalma ce a cikinsa, kuma abin da dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010, inda sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, ya isa ya sa mu daina barin ta kusa da wurin wasan yara. Jarkar fetur a ɗakin kwana kuwa, a hunturun da kowa ke shiga da kaskon wuta, ba sai na yi dogon bayani ba.

Illar da ta fi wuyar gani ita ce ta zuciya. Ku lura da yawan faɗan da ke tashi a gida da safe, za ku ga da yawa daga "ina aka kai min" yake farawa. Makullin babur, katin asibiti, ɗankwalin makaranta, wari ɗaya na safa. Maigida ya daka tsawa, uwa ta huce a kan yara, kowa ya fita da ɓacin rai, alhali ba wanda ya ɗauki komai, abin yana nan an binne shi. Sannan kowane abu da ido ya sauka a kansa yana da maganar da yake yi maka. Rediyon nan tana cewa yaushe za a kai ni gyara. Yadin nan yana cewa yaushe za a ɗinka ni. Fankar da ta ƙone tana tuna maka kuɗin da ka yi asara. Mutum ya dawo daga gona ko kasuwa a gajiye, ya shiga inda ya kamata ya huta, sai ya tarar da ayyuka ashirin da bai gama ba suna kallonsa. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Darby Saxbe da Rena Repetti, sun fitar da wani bincike a 2010 kan ma'aurata a birnin Los Anjalas. Matan da suka siffanta gidajensu da cushewa da ayyukan da ba a kammala ba, an ga sinadarin damuwa na jikinsu ba ya sauka yadda ya kamata zuwa dare, kuma ransu ya fi ɓaci yayin da yini ke tafiya. Gidajensu ba irin namu ba ne, amma abin da ya ja hankalina shi ne a jikin mata aka fi ganin alamar. A nan ma haka ne. Wa ke goge kwanukan jere duk bayan ƙurar hunturu? Wa ke ɗaga akwati ta share ta mayar? Namiji ya kawo, mace da 'ya'yanta mata su yi ta bauta wa abin har ya tsufa.

Me ya sa rabuwa da abu ke da wuya haka, ko da mun san ba shi da amfani? Wasu masana, cikinsu har da Daniel Kahneman da Richard Thaler, sun yi wani gwaji da aka buga a 1990. Sun raba wa rabin ɗalibai kofuna kyauta, suka ce su sa musu farashi, sauran kuma su taya. Waɗanda aka ba kofin sun nemi kusan ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya, alhali mintoci kaɗan da suka wuce kofin ba na kowa ba ne. Da zarar abu ya zama naka, idonka yana ƙara masa kuɗi. Saboda haka in kana tantama, kada ka tambayi kanka ko abin yana da daraja, zuciyarka za ta ce e. Ka tambayi kanka: da a ce ba ni da shi, na gan shi a kasuwar Gumel yau, zan ciro kuɗi in saya?

Wata 'yar Japan, Marie Kondo, ta yi suna a duniya da littafinta na gyaran gida da ya fito a 2011. Shawararta ita ce mutum ya riƙe abin da ke faranta masa rai kawai, ya sallami sauran. Ni dai ban ga ta dace da mu ba. Fartanya ba ta faranta wa kowa rai, amma wanda ya sallame ta zai gane kurensa da ruwan farko. Kuma tana magana ne da mutanen da in sun zubar yau za su iya saye gobe. Ma'auninmu ya kamata ya fito daga shekararmu. Kowane abu mai amfani a gidan manomi yana da lokacinsa: sungumi da shuka, garma da huɗa, lauje da kaka, bargo da hunturu, babbar tukunya da suna ko biki, babbar riga da Sallah. To abin da damina ta wuce, kaka ta wuce, hunturu da bazara suka wuce, aka yi Sallah ƙarama da babba, aka yi biki aka yi suna, ba wanda ya neme shi, wannan ba shi da rana a gidan. Kuma ba lallai ne ya zama mummuna ba. Manomi yana zuba ƙwayar gero da yawa a rami ɗaya, in ta fito sai ya bi ya cire wasu ya bar kaɗan. Abin da yake cirewa ba ciyawa ba ce, gero ne lafiyayye, amma ya san in ya bar su duka ba wanda zai yi zangarniyar kirki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen bazara, sa'ad da ake kwashe juji ana gyaran rufi, sai kuma gab da kaka kafin amfanin gona ya shigo yana neman wuri. Kada ka ce gida duka a rana ɗaya, za ka gaji ka mayar da komai yadda yake. Ɗauki ƙarƙashin gado kawai, ko akwati ɗaya. Fito da komai tsakar gida da hantsi, domin abin da ke da kwarjini a duhun ɗaki yakan zama abin dariya a rana. Ka share wurin, sannan ka mayar da abin da ya ci jarrabawa. Abin da ke jiran gyara ka sa masa wa'adi zuwa kasuwa mai zuwa, in ranar ta wuce ba ka kai shi ba, ka san ba za ka kai ba.

Sa'ar da muka yi ita ce a nan kusan komai yana da mai so. 'Yan gwangwan suna yawo da kura suna sayen ƙarfe da alminiyam da tsohuwar roba a kan kilo, kuma alminiyam ɗin nan shi ake narkawa a zuba tukwane. Dillaliya tana nan. Tela yana son ƙyalle. Sai dai ku kiyaye, abin da ba naka ba ba ka da ikon auna shi, don cinikin gwangwan ya koya wa yara da yawa ɗauke-ɗauke, har turmin ƙarfen maƙwabta ba ya tsira. Tufafi kuwa, ga almajirai nan suna rawar ɗari a watan Janairu, alhali akwatuna cike da rigunan da suka matse masu su tun shekaru. Amma a ba da abin da zai saku. Alƙur'ani, kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, ya hana mutum ya zaɓo marar kyau ya ciyar, irin wanda shi da kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Tsumma sunansa tsumma, a yi goge-goge da shi. Sadaka ba hanyar bola ba ce.

Sai gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada ɗayanku ya karanta wannan ya tafi ɗakin mahaifiyarsa ko kakarsa da buhu. Kayanta nata ne. Kwanon da kake gani ya yi tsatsa, wataƙila shi ne abin da ya rage mata daga hannun uwarta, kuma ba ka da ma'aunin da za ka auna wannan. Ka fara da naka. In ta ga ɗakinka ya yi fili, iska na shiga, wata rana da kanta za ta ce zo ka taya ni ɗaga akwatin nan, a nan ma ka ɗaga kawai, ita za ta zaɓa. Iyakar inda za ka dage shi ne abin da ke da haɗari, guba da fetur da taga a toshe, shi ma da lallashi, ko ta bakin wanda take jin nauyinsa. Kayan mamaci kuma hukuncinsu daban. Daga ranar da mutum ya rasu, rigarsa da agogonsa da buzunsa sun zama na magada, har da marayu ƙanana a cikinsu. Ba a rabar da su sadaka don tausayi kafin a raba gado ko magada su yarda, ba a kuma kulle su a ɗaki shekara goma gara ta ci haƙƙin marayu. A kira malami a raba da wuri.

Takardu ma a yi hattara da su. Duk wadda ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba ta zuwa juji, a ƙona ta a wuri mai tsarki ko a binne, kamar yadda malamai suka koyar. In kuwa kun ci karo da gafaka mai tsofaffin rubuce-rubucen hannu na kakanni, da ajami ko da Larabci, wannan ba tarkace ba ne ko da asu ya fara ci. Ku nuna wa malami, akwai wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna da ke adana irinsu.

Abin mamaki, gidan da ya kasa rabuwa da murfin kwalba shi ne sau da yawa ya ɓatar da takardar gona. Mutanen Gagarawa sun san darajar wannan tun lokacin da gwamnatin jiha ta ware wa kamfanin Lee kusan hekta 12,000 don noman rake, batun iyaka da diyya ya shiga bakin kowa. Takardar cinikin gona ko fili mai sa hannun shaidu da mai unguwa, takardar rabon gado, shaidar haihuwa, katin rigakafin yara, takardun makaranta, takardar lambar NIN, takardun babur, duka ba su fi cikin jaka ɗaya ba. Ku sa su a leda mai kauri, ku sa ledar a akwatin ƙarfe, ku ɗora shi sama da ƙasa inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Ku ɗauki hoton kowacce da waya, ku tura wa wani ɗan'uwa amintacce da ke wani gari. Kuma a gidan a sami aƙalla mutum biyu manya da suka san inda akwatin yake, ɗaya daga cikinsu mace.